Kwana 21 na gona, kwana 21 na magani

A ƙauyenmu, can bakin fadama a ƙasar Argungu, lokacin da muke yara ba a ɗauki fitsarin jini a bakin komai ba. Yaro ya gama fitsari, ɗigon ƙarshe ya fito ja, sai manya su yi dariya su ce ya fara zama namiji. Tsargiya ce, kuma kusan duk sa'o'ina sun yi ta. Daga wankan tabki sai kamun kifi, daga kamun kifi sai korar tsuntsu a gonar shinkafa, ƙafa cikin ruwa tun hantsi har la'asar. Ban taɓa shan magani saboda ita ba. Da na zama saurayi jinin ya ɗauke da kansa, na manta da zancen.

Sai da na haura shekara 50 wani likita ya zana mini abin a bayan takarda. Tsutsar tana fitowa ne daga ƙananan dodon-koɗi na ruwan da ba ya gudu sosai, ta huda fatar mutum ta shiga, ba sai ya sha ruwan ba. In ta girma sai ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ta riƙa zuba ƙwai. Ƙwan da ya fita cikin fitsari shi ke kawo jinin da muke gani. Wanda bai fita ba sai ya maƙale a bangon mafitsara, wurin ya yi ta kumburi yana tabo shekara da shekaru, kuma irin wannan na daga cikin abubuwan da ke haifar da ciwon daji. Ya tambaye ni ko ina shan taba. Na ce na sha shekara 15 na bari. Ya ce ita ma tana da nata kason.

Jinin ya dawo ne a daminar 2023, amma ba irin na da ba. Wannan tun daga farkon fitsari har ƙarshe ja ne kamar zoɓo, wani lokaci da gudaji, kuma babu zafi ko kaɗan. Ya yi kwana uku ya ɗauke, bayan mako biyu ko uku ya dawo. Wannan ɗaukewar ce ta yaudare ni. Duk maganin da na sha sai in ga kamar ya yi aiki, alhali jinin ne ya kai lokacin hutunsa. Na sha maganin tsargiya daga kemis, an yi mini allurai na kwana biyar, wani mai magani a kasuwa ya ce sanyi ne ya ba ni sassaƙe cikin gora. Ga shi kuma shekarar ce aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, hankalina duk yana kan yadda zan tayar da injin ban-ruwa idan rani ya zo. Wata biyar na ɓata a haka.

Abin da ya kai ni asibiti, wani dare ne gudan jini ya toshe hanya. Mara ta cika ta yi tauri kamar ƙwarya, ina jin fitsari amma ko ɗigo. Ƙanena ya goya ni a babur. Aka sa mini roba, aka wanke mafitsarar da ruwa leda-leda, da safe aka yi hoton ciki aka ga tsiro. Suka tura ni babban asibiti a Sakkwato.

A can abin mataki-mataki ne, kuma gara mutum ya sani tun farko don ya shirya kuɗin mota da na kwana. Gwajin jini da na ƙoda. Sannan a kashe maka rabin jiki, a zura siririn ƙarfe mai kyamara ta hanyar fitsari, a kankare tsiron gwargwadon abin da ake iya gani, a aika da shi ɗakin gwaji. Sakamakon nawa ya ɗauki kusan mako uku. Sai babban hoto na ciki da ƙirji, don a ga ko ya bazu. Da aka haɗa takardun likita ya ce, "Baba, ciwon daji ne. Ya shiga cikin naman bangon mafitsara, kankara kaɗai ba za ta isa ba. Amma ba mu ga ya tafi wani wuri ba, kuma ƙodarka na da ƙarfi." Shawararsa ita ce a ba ni maganin daji ta jijiya zagaye huɗu, sannan a cire mafitsarar gaba ɗaya.

Na ce, "Likita, in an cire ta, fitsarin ya tsaya ina?" Ya buɗe durowa ya fito da wata leda mai baki ya ajiye a gabana. Na kalle ta, na yi masa godiya, na kama hanyar gida, ban koma ba sai bayan mako biyu.

A cikin makonnin nan na ji magana iri-iri, kuma wadda ta fi yawa ita ce daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da an taɓa shi sai ya fusata. Kowa yana da wani da ya sani da aka yi wa aiki ya rasu. Ni ma na san wasu. Amma da na zauna na lissafa su ɗaya bayan ɗaya, duk sai da ciwon ya gama cin su aka kai su, wasu a kwance a bayan mota. Ba wuƙar ce ta kashe su ba. Duk da haka ba wannan lissafin ne ya mayar da ni ba. Uwargidana ce, wadda ba ta saba yi mini gardama ba, ta ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, ledar nan dai kai kaɗai za ka ɗauka. In ka ƙi ta, mu goma sha ɗaya ne za mu ɗauki abin da zai biyo baya." Ban ci tuwon ba. Da asuba na ce wa ƙanena ya nemo mai sayen bijiman huɗa.

Wanda zai shiga wannan magani ya lissafa zagayen duka kafin ya fara na farko: kuɗin maganin, na gwajin jini kafin kowane zuwa, na mota, na abincin mai jinya, da wani abu a gefe saboda ƙarin jini ko kwanciyar da ba a shirya ba. Na ga mutane a layi sun yi zagaye biyu kuɗi ya ƙare, suka tafi nema suka dawo bayan wata uku, ciwon ya riga ya mayar da abin da aka rage masa. Na sayar da bijimai biyu da shansherar da na ajiye, na ba da jinginar gona ɗaya. Injin ban-ruwa ne na ƙi sayarwa duk da an taya, domin manomin rani da ba shi da inji ɗan ƙwadago ne. Hekta biyu na saba nomawa. Shekarar na tsaya a kashi uku cikin huɗu na hekta, na zaɓi wadda ta fi kusa da hanya kuma rijiyarta ba ta ƙafewa. Na yi ta jin ciwon ragewar nan a raina, amma ita ce shawara mafi kyau da na yanke a duk shekarar.

Maganin nawa iri biyu ne, gemcitabine da cisplatin, kuma zagayensa kwana 21 ne. Ranar farko a ba ka su biyun, tare da ƙarin ruwa kafin da bayan, wuni guda kana kwance. Rana ta 8 ka koma a ba ka gemcitabine kaɗai, wannan ba ya ɗaukar lokaci. Sai hutu har kwana 21 su cika. Da na ji adadin sai na yi murmushi, domin mu ma kwana 21 ne irin shinkafa ke yi a wurin raino kafin dashe, kuma bayan dashe da kwana 21 ake zuba yuriya ta farko. Babban ɗana ya samo kalanda ya rataye a zaure, ya riƙa sa jan biro a ranakun asibiti, baƙi a ranakun gona. Inda ja da baƙi suka haɗu, nan rigima take.

Ga yadda jikina ya riƙa tafiya a kowane zagaye, kuma na ji wasu a ɗakin ma kusan haka suke. Kwana biyar na farko tashin zuciya ne da kasala. Warin fetur, warin taki, ƙaurin mai a tukunya, kowanne sai ya juya mini ciki. Ƙwayoyin hana amai a sha su a kan lokacin da aka rubuta, ba sai aman ya zo ba. Daga kusan rana ta 7 zuwa ta 14 ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta suna sauka ƙasa, kuma a nan haɗarin yake, domin mutum na iya jin ya samu sauƙi alhali ba shi da garkuwa. Makon ƙarshe shi ne nawa: ci ya dawo, ƙafa ta ɗauke ni. Duk abin da ke buƙatar idona, kamar sayen taki, ciniki da 'yan ƙwadago, duba kunyoyi da gyaran inji, sai na tura shi makon nan.

Irin shinkafar da ake kira Faro 44 na shuka. Kilo 25 na iri muka jiƙa kwana ɗaya, muka kwashe wanda ya taso saman ruwa muka zubar, muka rufe sauran da buhu har ya fara tsiro, muka yafa a makon ƙarshe na Disamba. Sanyin hunturu yana riƙe iri, saboda haka bai isa dashe a kwana 21 ba, sai da ya kusa 27. Ba a son ya wuce 30, in ya tsufa a raino ba ya yin 'ya'ya da yawa. An fara mini magani a tsakiyar Janairun 2024, dashe ya faɗo daidai rana ta 10.

Na je da niyyar zama a rumfa kawai. Sai na hango 'yan dashe suna cusa iri biyar-shida a rami ɗaya, suna nutsa shi har wuya, don su gama da wuri su karɓi kuɗinsu. Dashe biyu ne ko uku a rami, tazarar taƙi ɗaya, kuma sama-sama, saiwa kawai ta kama laka. Na yi magana daga nesa ba su ji ba. Na tuɓe takalmi na naɗe wando na shiga. Bai fi rabin awa na yi a cikin ruwan ba, amma ina da faso a dunduniya, irin na kowane manomi a hunturu.

Bayan kwana biyu da magariba sanyi ya kama ni, haƙora na haɗuwa. Na ce zazzaɓin cizon sauro ne, na sha farasitamol da maganin maleriya na lulluɓa. An riga an gaya mini kada in yi haka, har ma'aunin zafi aka sa na saya, yana cikin aljihun rigar da na rataye. Da asuba ƙafar ta kumbura ta yi ja har ƙauri, 'yata ta ɗauko ma'aunin ta sa mini, ya nuna 39. Kwana biyar na yi a gadon asibiti ana ɗura mini maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka ɗaga zagaye na biyu da mako guda, kuɗin da ya tafi ya fi ƙarfin duk abin da gyaran dashen zai ƙara mini. Dokar mai sauƙi ce: wanda ke kan wannan magani, in zafin jikinsa ya kai 38, asibiti zai tafi a daren, ko da ƙarfe nawa ne. Farasitamol yana rufe zafin ne, cutar na ci gaba da aikinta a ƙasa. Daga ranar ban ƙara sa ƙafa a ruwan gona ba har aka gama, ko kan kunya zan taka sai da takalmin roba mai tsawo.

A kwanciyar nan ne wata ma'aikaciyar jinya ta ce, "Baba, zazzage mini aljihunka." Ta samu ƙwayoyin ciwon jiki da kowane manomi ke yawo da su, diclofenac da ibuprofen, da ƙullin garin magani da wani ɗan'uwa ya kawo mini. Ta ce cisplatin da kansa yana wahalar da ƙoda, waɗannan kuma suna ƙara mata nauyi, haka ma wasu alluran da ake yi a kemis. In gwajin ƙoda ya lalace ba za a iya ci gaba da ba ni shi ba. Shi garin kuwa ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Addu'a da tofi ba ta hana ba, abin da za a haɗiya ne ta ce a fara nuna musu. Ruwa kuma lita uku a rana. Na samu gora mai lita ɗaya da rabi, ɗaya kafin azahar, ɗaya kafin isha, tafasasshe.

Abinci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida. Kunun gyaɗa, ƙwai dafaffe, kifi, wake, su suka riƙe ni. Nonon da ake kawowa daga ruga sai an tafasa madarar a gida an yi mini nawa daban. Ɗanyen ganye da tsiren bakin hanya na haƙura da su a makon tsakiya. Baki in ya yi gyambo, kurkura da ruwan gishiri mai ɗumi sau huɗu a rana ya taimaka mini.

Gonar kuwa ta koma hannun babban ɗana, kuma nan ne na sha wata wahalar da ba ta jiki ba. Ɗan fari ne. A al'adarmu ban saba kiran sunansa ba, ban saba zama da shi mu yi doguwar magana ba, saƙo ta bakin ƙanena yake isa gare shi. Shekara 26 yana bina gona, ashe bai taɓa jin dalilin komai daga bakina ba, umarni kawai yake ji. Na gane haka ranar feshin ciyawa. Maganin da muke amfani da shi bayan dashe, mai propanil, ana fesa shi ne ciyawa na da ganye biyu zuwa huɗu, bayan an janye ruwa, a mayar da ruwan bayan kwana biyu. Shi kuma ya ga tsutsa a 'yan wurare, ya ce bari ya rage aiki, ya zuba maganin ƙwari a tanki ɗaya. Akwai magungunan ƙwarin da in suka haɗu da propanil shinkafar ce ke ƙonewa, ko da ba a tanki ɗaya ba, in an fesa su kusa-kusa. Washegari fangali shida sun yi ja kamar an bi su da wuta. Ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗaki ya ce, "Baba, na yi ɓarna." Ina kwance, rana ta 3 ce ta zagayen magani, ko ɗaga murya ba na iyawa. Wataƙila da ina da lafiya da na yi faɗa. Sai na ce ya shigo ya zauna, na yi masa bayani tun daga farko. Muka cika fangulan da ruwa, bayan kwana goma suka sake tofo, amma ba su kamo sauran ba.

Tun daga ranar kowane dare sai ya shigo mu yi lissafin gobe, aiki ɗaya ko biyu, da dalilinsa. NPK buhu uku bayan dashe da mako guda. Yuriya buhu ɗaya da rabi, a raba biyu: rabi a mako na uku, rabi a mako na shida lokacin da shinkafa ke shirin ɗaukar ciki. A rage ruwa kafin a watsa, a toshe mafita, kada a watsa da raɓa a ganye. Fetur ya yi tsada, don haka a lokacin 'ya'ya muka riƙa barin ruwa ya janye har ƙasa ta fara 'yar tsaga kafin a sake tayar da inji. Amma daga ɗaukar ciki zuwa fitar kai da fure ba a wasa da ruwa, in ta ji ƙishi a nan, ƙaiƙayi za ka girba. Ni aikina ya zama na ido da baki. Ɗaukar inji, jan igiyarsa, goyon tankin feshi, duk na bari. Feshi ma in ana yi ba na zuwa gonar sai washegari.

Azumin shekarar ya kama ranar 11 ga Maris, daidai rana ta 8 ta zagaye na uku, ga zafin bazara ya fara. Likita ya ce kada in yi, ƙoda ba za ta ɗauki cisplatin da ƙishirwa tare ba. Ban gamsu ba sai da na je wurin limaminmu, ya ce, "Malam, Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame, ka sha ka rama in ka samu sauƙi. Ƙin karɓar rangwamen ba ƙarin tsoron Allah ba ne." Tun ina ɗan shekara 12 ban taɓa shan azumi ba. In na je gona sai in juya baya a cikin rumfa in sha ruwana, kada yaran da ke aiki a rana da bakinsu a bushe su gani. A zagayen nan jinina ya yi ƙasa har sai da aka ƙara mini leda biyu, ƙannena suka bayar. Tafin ƙafa ya fara mutuwa, wata rana silifa ta fita ban sani ba sai da na yi taku goma, kunne kuma yana ƙara kamar gyare. Irin waɗannan a faɗa wa likita tun suna ƙanana, domin yana iya rage maganin, in an yi shiru kuma wani lahanin ba ya komawa. Nawa na ƙafa har yau da saura.

Da shinkafa ta yi nono tsuntsayen jan-baki suka sauko. Wannan aikin kam na iya shi: igiya aka ja ko'ina da gwangwanaye, ƙarshenta a hannuna, ina zaune ina girgizawa daga fitowar rana. Muka janye ruwa kwana goma kafin girbi, muka sa lauje da kai ya nuna kusan duka. Wurin bugu da shiƙa ban matsa kusa ba saboda ƙura. Buhu 41 muka ɗaure a farkon Mayu. Rabinsu suka tafi kuɗin aikin cire mafitsara, aka shiga da ni tiyata a tsakiyar watan.

Abin da ake yi, a yanki ɗan guntun ƙaramin hanji, a haɗa masa hanyoyin fitsari biyu da ke saukowa daga ƙoda, a fito da bakinsa ta gefen dama na ciki, ƙasa da cibiya kaɗan. Jan nama ne kamar cikin kunci, ba ya ciwo, kuma ba shi da marfi, fitsari na ɗiga dare da rana cikin leda. Hausawa na cewa in ruwa ya zube ya bar tulu ya yi kyau. Ni tulun aka ɗauke aka bar ni da ruwan. Akwai kuma abin da kunya ke hana faɗa: aikin yana taɓa ƙarfin namiji. Likita ya gaya mini kafin a shiga, ni kuma na roƙe shi ya maimaita a gaban uwargida, domin ba zan iya faɗa mata da bakina ba.

Mako biyu na yi a asibiti, wata biyu ban ɗaga abin da ya fi buta nauyi ba. Daminar 2024 ban yi noma ba, ɗana ya yi.

Ledar sai da ta koya mini hankali kafin na iya ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Faifan da ke manne da fata yana yin kwana uku zuwa biyar, amma da zufar Afrilu wani lokaci kwana biyu ya saki. Ina canzawa da asuba kafin in sha komai, lokacin ɗigon ya fi ƙanƙanta. A wanke wurin da ruwa zalla, ban da sabulu mai maiƙo, ban da man shafawa, a aske gashi, a bari ya bushe sarai. Ramin faifan a yanka shi daidai bakin naman da 'yar tazara kaɗan. In ya yi faɗi fitsari zai kwanta a fata ta saɓule, in ya matse zai yanki naman. A dafe shi da tafin hannu minti biyu, ɗumin hannu ke sa ya kama. A zubar da fitsarin tun ledar ba ta kai rabi ba, nauyi ke ɓalle ta, kuma wanda zai sunkuya a gona ya fara zubarwa tukuna. Da dare a haɗa ta da babbar leda a ajiye ƙasa da gado. Farin abu kamar majina a cikin fitsarin ba cuta ba ne, hanjin ne ke yin aikinsa na da. Amma zazzaɓi da ciwon kwiɓi da fitsari mai wari, wannan na asibiti ne. Ledojin ba a samun su a kemis ɗin ƙauye, don haka ba na bari su gaza goma a gida, kuma a bayan randa nake ajiye su, zafin ɗakin kwano yana kashe gam ɗinsu.

Ta taɓa ɓalle mini a sahun sallar Juma'a. Na fita ina riƙe da riga, na yi mako uku ina salla a gida. Liman ne ya aiko a kira ni, ya ce hukuncina na mai yoyon fitsari ne, in zubar da ledar, in yi alwala, in shiga sahu, abin da ya ɗiga bayan nan ba ya ɓata mini salla. Yanzu ina ɗaura ɗamara mai faɗi a kanta, riga 'yar shara a sama, ba mai sanin komai sai wanda na gaya wa.

Buhu kam na yi sallama da shi. Wurin da aka huda ciki yana da rauni, ɗaukar nauyi na iya turo hanji ta gefen ya yi ƙullutu, in ya yi kuma wani aikin ne. Ina yafa iri, ina watsa taki da ƙaramar roba, ina duba ruwa, ina ciniki. Mun koma hekta ɗaya da rabi, na fanshi gonar jingina, bijimai dai har yanzu haya muke yi. Asibiti da farko duk wata uku nake komawa a yi jini da hoto, yanzu an ƙara tazara. Likita bai taɓa ce mini na warke ba, cewa yake ba a ga komai ba, ni ma haka nake faɗa wa masu tambaya. Daren da zan tafi karɓar sakamako ba na barci, wannan bai canza ba.

Da na samu ƙarfin tafiya na kwashi yaran gidanmu tara, nawa da na ƙannena, na kai su gwajin fitsari. Huɗu aka samu da ƙwan tsargiya, biyu daga ciki ba su taɓa ganin jini ba. Aka auna nauyin kowa aka ba shi praziquantel, sha ɗaya, bayan ya ci abinci. Mai gwajin ya ce maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba ya hana wata shiga, in sun koma ruwan sai a sake. Sun koma mana, washegari ma, gonar a cikin ruwa take. Na saya wa manyan takalman roba, na haƙa masai a tudun gona don a daina fitsari a fangali, ɗana kuma ya sa jan biro a kalandar zaure, bayan girbin rani, ranar da za a sake kai su.